Biye Nake, In Ji Tanko Baduku

Ni mai tara tsofaffin tike ne, abin da mutanen Daura ke ce wa tikiti. Ba na mota ba, ba na kasuwa ba. Na shiga manyan baje kolin duniya irin na da nake nema, inda kowace ƙasa ke kafa rumfarta ta nuna abin da hannun mutanenta ya iya. Wani abokina mai fatauci zuwa waje ke tsinto mini su wajen masu sayar da tsofaffin takardu. Abokai na yi mini tsiya, wai mutum da gemunsa yana tara sharar Nasara. Ba na jin haushi, don ba su san Iya Delu ba.

Iya Delu kakarmu ce, ita ta haifi babanmu. A gidanmu na Matameye, lokacin sanyi, da an sallame magariba an ci tuwo sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta ɗora kasko da rairayi, ta zuba gyaɗa. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura ƙafa wajen wuta. Ba ta buɗe baki sai gyaɗa ta fara ƙamshi, kuma duk wanda ya miƙa hannu kafin ta sauke, ludayi zai sha a bayan hannu. Ni maigidanta take ce mini, wai mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai ci. Yayana Sani kuwa, tun da ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ya fara gyara wa manya magana ta laƙaba masa Mushe. Haka ake kiran malaman lakwal, amma ita in za ta faɗa sai ta toshe hanci.

In tatsuniya ce, sai ta ce, "Ga wata nan ta kwaso gudu," mu ce, "Ta zo ta sha ruwa." Akwai guda ɗaya da ba ta buɗewa haka. Sai ta aje ludayi ta ce, "Ku gyara zama. Wannan ba ta da ƙurunƙus, labarin ubana ne."

Ubanta Tanko baduku ne. Zamanin Nasara, tana goye, kumandan, Baturen mulki, ya zaɓe shi cikin masu sana'ar ƙasar Damagaram aka sa su jirgin ruwa zuwa Faransa, inda aka kafa kasuwar duniya. Da suka isa aka ba kowa 'yar takarda mai rubutu da zane. Tanko ya karɓa hannu biyu ya sa a alabe. Ranar shiga, 'yan'uwansa suka yi gaba, shi ya tsaya a hanya yana leƙen ɗinkin linzamin wani dokin amalanke. Baduku dai baduku ne. Ko da ya iso ƙofa ba kowa nasa, sai wani ƙaton Bature mai malafa a gabansa. Ya bi bayansa.

Nan Iya za ta miƙe zaune, ta kumbura kumatu, ta miƙo hannu kamar mai tsaron ƙofar.

"Sai ya ce wa ubana, 'Biye!' Ubana ya ce a ransa, ikon Allah, har nan ana jin Hausa? Ya ce, 'I, ranka ya daɗe, biye nake. Ga wanda nake biye da shi can.' Ya sa kai. Aka jawo shi ta wuyan riga. 'Biye!' Ya ce, 'Kai bawan Allah, na ce maka biye nake!' Ya sake sa kai, aka sake jawo shi. Na uku ubana ya ce, 'To in ba ka son in bi wannan, nuna mini wanda zan bi.'"

Kafin ta kai nan mun riga mun zube ƙasa don dariya, ko da mun ji labarin sau ba adadi.

Allah Ya taimake shi da wani tsohon soja, mutumin wajen Dawce, da ke gadi kusa. Ya zo ya ce masa, "Ɗan'uwa, ba tambayarka yake wa kake bi ba. Biye da bakinsu ita ce takardar shiga, wadda aka ba ka." Tanko ya ciro ta. Mai ƙofa ya kama zai yaga, kamar yadda yake yi wa ta kowa. Tanko ya yi wuf ya fizge.

"Subhanallahi! Rubutu ne fa! A garinmu ko a ƙasa ka tsinci rubutu ɗagawa ake a soke jikin danga. Wa ya sani ko da sunan Allah a ciki?"

Layi ya yi tsawo, mutane na ta surutu, Tanko ya ce sai dai ya koma gida bai ga kasuwar ba. Aka kira babban masu tsaron ƙofa. Da soja ya fassara masa, ya yi dariya har da share hawaye, ya ɗauko hatimi ya buga a bayan takardar, ya ce a bar shi ya wuce da abarsa. Ya shiga, ya ga ruwa na tashi sama yana sauya launi, ya ga mutanen ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, ya ga Turawa sun taru a kan jakunkunan da ya ɗinka. Da ya dawo sai ya naɗe takardar, ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ya rataya wa 'yarsa. Iya za ta ciro ta daga wuyan riga mu taɓa da yatsa ɗaya.

Wata rana, tana cikin nuna mana, Yaya Sani ya ce, "Iya, ba yadda za a yi. Mushenmu ya ce a can doka doka ce. In an buɗe layar nan, ko rabin takarda a tarar ko tsumma. A buɗe mana mu gani."

Iya ta dube shi, ta mayar da layar cikin riga, ta ce, "Ba a farke ɗinkin uba." Ranar gyaɗa ta ƙone a kasko ba ta lura ba. Babanmu ya yi wa Sani faɗa, amma aikin gama ya gama. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi, labarin Tanko kuwa ko na roƙe ta sai ta ce ta manta. Wallahi abin ya yi mini ciwo, na daɗe ina jin haushin yayana.

Shekaru suka tura. Na kama aiki a Damagaram, Sani ya zama Alhaji Sani mai shago da furfura a gemu. Wata Sallah muka zo gida, da hantsi Iya ta aika a kira mu mu biyu. Ta tsufa ƙwarai. Layar na tafin hannunta, fatar ta tsattsage, ɗinki ya saki gefe guda.

"Maigida, zauna. Mushe, kai ma zauna. Layar nan ta gaji, ni ma na gaji. Ku buɗe ta nan gabana."

Na ce, "Iya, mu kai wa baduku ya sake mata fata kawai."

Ta ce, "A'a. Kun ɗauka fushi na yi? Tsoro na ji. Ni ma ban taɓa ganin abin da ke ciki ba. Ran da yaron nan ya yi maganar, na ce a raina, in na buɗe na tarar ubana ya shirya mini ne fa?"

Alhaji Sani ya karɓa da bisimilla, ya sa reza ya bi zaren a hankali. Takarda ta fito, ta yi ruwan ƙasa, ninki huɗu. Ya warware. Kusurwa huɗu cif, ba inda aka yaga. Ya juya bayanta, ga hatimi nan ya dushe amma ana gani.

"Karanta, Mushe," in ji Iya. "Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Ya fara karanta Faransancin. Bai kai ƙarshe ba ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban san tana da sauran ƙarfinta ba, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa aka haifa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe ni." Ta ce ta yafe, da sharaɗi. Da yamman nan ta ba 'ya'yansa labarin, kuma shi ta sa ya tsaya bakin zaure da babbar rigarsa yana miƙa hannu yana cewa, "Biye!"

Na sa rai ni za ta ba takardar, tun da ni ne maigida. Sai ta danƙa wa Sani, wai shi ya fi buƙata. Haushin haka ya sa na fara neman 'yan'uwan takardar, kuma duk waɗanda na samu, wanda ba a yaga ba an huda shi.

Ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kada a wulaƙanta rubutu. Yanzu ba Tanko nake tunawa ba, 'yarsa nake tunawa. Magana ɗaya ta ɗan lakwal ta sa tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana rataye da shakkar ubanta a wuya, ba wanda ya sani. Ni ma na yi lakwal, kuma bakina ya fi na Sani sauri. Shi ya sa in tsoho na ba ni labarin da bai yi daidai da abin da na karanta ba, sai in ji gyaran ya taso mini har maƙogwaro, in haɗiye shi, in ce, "To Baba, sai aka yi yaya?"