Shekara Uku Bayan Yaya Habsatu, An Goge Tsuntsun

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Habsatu. Makonni biyu da suka wuce na bi ta butik ɗin Bukar mai gyaran waya, a bakin kasuwar Diffa, inda take zama kowace Asabar, kuma abin da na fara gani shi ne babu tsuntsun. A jikin ƙofar ƙarfen akwai wani koren tsuntsu da Yaya ta sa aka zana, fiffikensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo don mai zanen ya yi sauri. Yanzu an shafe shi da farin fenti, an ja layuka uku masu ruwan toka a wurin. Fentin bai yi kauri ba. Idan mutum ya tsaya ta gefe, zai hango idon tsuntsun a ƙarƙashi.

Tsuntsun alamar wani kuɗin kirifto ne, irin kuɗin da ba a riƙewa a hannu sai dai a gani a waya. Sunansa na Turanci yana da wuyar faɗi, shi ya sa a unguwarmu "mai tsuntsu" ake ce masa, har sunan ya bi Yaya, aka koma kiranta Habsatu mai tsuntsu. Da ta gama lise, wato sakandare, ta kama sana'ar jan tattasai tare da Baba, kuma duk ɗan abin da ta samu sai ta sayi sulallan tsuntsun ta ajiye. Burinta ɗaya ne: injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, don gonar Baba da ke Gagamari, saboda man fetur yana cinye masa wahalarsa. Matan layinmu suna taruwa wurinta ran Asabar, tana yi musu bayani cewa abin kamar littafi ɗaya ne da kwamfutoci masu yawa a duniya kowace ke riƙe da irinsa, in an rubuta layi a ciki ba mai iya gogewa.

Ina wurin duk Asabar ɗin nan, amma ba na jin akwai macen da za ta tuna ta gan ni. A kan wani buhun tattasai nake zama a lungu, da kayena, littafin rubutun makaranta, a cinya, ina yi kamar ina bitar darasi. Wadda kowa yake tunawa Zara ce.

Zara 'yar ƙanen Baba ce. Ta zo gidanmu tana shekara takwas, lokacin da mutanen wajen Bosso suka taso gudun hijira, kuma tun daren farko ta san sunan kowa a gidan har da akuyar Inna. Ta girme ni da shekara ɗaya. Tana da baki, tana da dariya, ba ta jin kunyar tambaya. Ita Yaya take ba wa waya ta riƙe. Ita take aikawa ta hau soro ta nemo rezo, wato sabis ɗin waya. Ita ta koya wa yadda ake tura sulalla daga waya zuwa waya, kuma in Zara ta yi kuskure sai Yaya ta ja mata kunne su yi ta dariya. Ni ba a taɓa ja mini kunne ba. In na yi abin kirki Yaya takan ce, "Nana ba ta da matsala," ta juya wajen Zara. Na daɗe ina fata a ce ina da matsala.

Yaya ta kwanta ciwo a daminar da kogin Komadugu ya yi ambaliya, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki Zara ta yi kuka har ta suma, ta yi makonni ba ta cin abinci. Ni kuwa hawaye sun ƙi zuwa a gaban mutane. Na ji wata gwaggonmu tana ce wa Inna yarinyar nan zuciyarta dutse ce. A bayan ɗakin girki nake nawa kukan, inda hayaƙi zai iya ɗaukar laifin jan idona.

Da aka zo raba kayanta, wayar ba wanda ya san lambar buɗe ta, sai aka kai wa Bukar ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki, aka ba wa wata ƙanwar Inna. Malamin da ya raba gado bai sa tsuntsu a ciki ba, don ba wanda ya iya nuna masa shi. A cikin jakar Alƙur'anin Yaya kuma Inna ta tsinci wata 'yar takarda, an ninke ta ƙarama kamar ƙwayar dabino, an naɗe ta da jan zare. Inna ba ta warware ba. A gidanmu ba a buɗe laya, an ce in aka buɗe albarkarta ta tafi. Ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, ta kawo ta ɗaura wa Zara a damtse, ta ce ta kwantar mata da zuciya. Tun daga ranar Zara ta fara cin abinci.

Ni kaɗai na san ba laya ba ce. Wata rana da hantsi, ina kwance a bayan gadon Inna ina karatu, Yaya ta shigo ba ta lura da ni ba. Na ga ta yago takarda daga kaye, tana duba waya tana kwafar kalmomi da shuɗin bik, wato biro, tana ƙirgawa da yatsa har goma sha biyu. Ta ninke, ta ciro zare daga gefen tsohon mayafinta, ta naɗe, ta ciza ƙarshen da haƙori. Na sha jin tana gaya wa matan Asabar cewa kalmomin nan goma sha biyu su ne makullin, in waya ta ɓata da su ake sake buɗe asusun, kuma ba a nuna wa kowa, ko miji.

Shekara uku na yi shiru. Da farko na ce wa kaina don kada Zara ta koma rashin cin abinci ne. Wannan gaskiya ne na wata biyu. Bayan haka dalilin ya zama wani, kuma tunda waiwaye nake yi gara in faɗe shi. Zara tana da dariyar Yaya, tana da labaranta, tana da mayafinta mai ruwan goro, tana da layar a hannu. Ni abu ɗaya gare ni: na san abin da ke cikin fatar, ita ba ta sani ba. Duk ranar jarrabawa in na ga tana shafa damtsenta kafin ta shiga aji, sai in ji wani ɗaci, sannan wani ɗan daɗi ya biyo baya. Ban yi alfahari da daɗin ba, amma ban kore shi ba.

Ranar da na ga an goge tsuntsun, na daɗe a tsaye kafin in iya yi wa Bukar magana. Da na yi masa sallama, ya ce ashe ƙanwar Habsatu tana da murya. Na tambaye shi me ya sami tsuntsun. Ya ce masu abin sun sake gini. Tsohuwar hanyar tana da nawa, in ka tura sulalla sai ka sha shayi ka dawo ba ta isa ba, kuma ladan turawar yana da yawa. Sabuwar tana da sauri, sulallan ma an ƙara musu aikin da ba su yi a da, shi ya sa suka ce tsohon suna da tsohon tambari ba su dace da su ba kuma. Duk mai tsoffin sulalla sai ya buɗe asusunsa ya mayar da su sababbi, ɗaya a madadin ɗaya, kafin ƙarshen wata. In an rufe ƙofar, tsoffin za su zauna a inda suke, ba mai karɓarsu. Ya ce ya tuna da Habsatu, amma tunda da hannunsa ya wanke wayar, ba yadda za a yi.

A hanyar gida na yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce. Ita da take rantsuwa ba a goge komai a littafin nan, ga shi an goge tsuntsunta da fentin da bai kai na bangon makaranta ba. Wataƙila za ta ji haushi na yini ɗaya. Amma na san ta. Washegari za ta zauna ta karanta bayanin sabon har ta gane, ran Asabar ta tara mata ta ce musu suna ne kawai ya canza, abin da kowa ya tara yana nan. Kuma Zara za ta fara koya wa. Ko a cikin tunanina ban iya sa ta ta fara da ni ba.

Kwana huɗu ina ɗauke da maganar. Injin Baba yana cikin wata fata a damtsen Zara, kwanaki suna tafiya, kuma kuɗin fito da shi shi ne abu ɗayan nan da nake da shi. Ranar Laraba da la'asar muna tsinke tattasai a tsakar gida, ni da ita da Inna, idanunmu duk suna yaji, sai na faɗa. Ban ɗago kai ba. Na faɗi yadda nake kwance a bayan gadon Inna, da bik ɗin, da yadda ta ciza zaren.

Inna ta ce in tuba, laya ba abin wasa ba ce. Zara ta ajiye tattasan da ke hannunta. Sannan ta ce a hankali, "Ni da take gaya wa komai, ba ta gaya mini ba."

Na ce ni ma ba ta gaya mini ba, gani na yi.

"To ai ke kullum gani kike yi, kamar kyanwar maƙwabta. Shekara uku, Nana. Kina kallona ina shafa kalmomin Turanci ina shiga jarrabawa."

Na ce ai tana cinye jarrabawar. Ta jefe ni da tattasai. Amma daɗin nan da na saba ji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

Baba ne ya raba gardamar bayan ya dawo daga masallaci. Ya ce in laya ce, Allah ya san ba da raini aka buɗe ba. In ba ita ba ce, gado ne, kuma gado ba a barinsa ya lalace. Ran Juma'a muka je wurin badukun da ya ɗinke ta, ya farke ɗinkinsa da kansa yana ta mita. Zara ce ta warware zaren. Kalmomi goma sha biyu, da shuɗin bik, da rubutun Yaya mai kwantawa hagu. Ba zan rubuta su a nan ba.

A butik, Bukar ya nuna mana inda za mu shiga, sannan ya juya mana baya yana kallon titi, ya ce dokar Habsatu ce, ba zai karya ta ba don ta mutu. Ni ina karantawa, Zara tana bugawa a wayarta. Na so a ce ni ce mai bugawa, amma hannunta ya fi sanin wurin. Da asusun ya buɗe, koren tsuntsun ya fito a fuskar wayar, fukafukansa daidai, ba irin na ƙofar ba. Muka tsaya muna kallonsa. Zara ta miƙo mini wayar ta ce in danna. Na danna, ya ɗan juya, layuka uku suka maye wurinsa.

Bukar ya ce abin da ke ciki ba zai sayi inji ba, sai dai tiyon ban ruwa da ɗan abin da ba a rasa ba. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce Habsatu ta fara daga ƙarshe, za a kai wa malam ya raba, in rabonsa ya kai tiyo zai saya ya jira injin.

Na yi ta auna abin da ya rage na Yaya. Sunan da aka san ta da shi ya tafi tare da tsuntsun, yaran da ke zuwa butik yanzu ba su san dalilin da ake ce mata haka ba. Matan Asabar uku sun zo sun mayar da nasu sulallan ba tare da an taimake su ba, kowace da takardarta a ƙulle a bakin zane, kuma wannan aikinta ne. Dariyarta tana wurin Zara, ba zan iya ƙwace ta ba, na ma gaji da gwadawa, ko da yake ba zan ce kishin ya tafi ba. Jiya ma na ji shi da Inna ta ce a mayar da takardar cikin fatar a sake ɗaura wa Zara, tunda dai hannun Habsatu ya taɓa ta. Ba wanda ya tambayi ko ina so.

Baduku ya ce zai sa sabon zare, tsohon ya yi laushi. Da muka dawo gida na ga Zara ta ajiye tsohon zaren a kan tabarma, ja, ya murɗe da siffar ninkin takardar, ƙarshensa ɗaya a tauna. Ta kai hannu za ta sa shi a aljihun jakarta. Na daɗe ban roƙi kowa komai ba.

"Zara, takardar taki ce. Don Allah ki bar mini zaren."