Ka Bar Mana Su

Amfilifayar nan da lasifikokinta biyu sun girme ni. Baba ya saye su tun yana akawu, kafin ya auri Inna, kuma da ya dawo daga Hajji ya daina sauraron waƙa sai aka tura su shagona, ɗakin samari da ke jikin zauren gidanmu a Ƙofar Jatau. Lasifikokin na katako ne, kowacce ta kawo min ƙugu, an rufe fuskarsu da yadi ruwan ƙasa wanda kyankyasai suka ɗanɗana gefensa. Amfilifayar kuwa, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin sauti, nauyi gare ta kamar dutsen niƙa. In an kunna ta, wasu allurai biyu ke rawa a bayan gilashi cikin koren haske, ni kuma in zauna ina kallonsu.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina zaman jiran a kira ni makaranta. Ba ni da aiki sai karanta littattafan soyayya da nake kwasowa daga ƙarƙashin matashin ƙannena mata. A cikinsu na koyi cewa saurayi mai aji ba ya gaggawar furta abin da ke ransa. Yakan bar alama, yarinya ta gane da kanta. Shi ya sa na juya lasifika ɗaya ta fuskanci taga. Akwai wata yarinya a gidan ƙarshen lungunmu da ke wucewa bayan la'asar, tafiyarta a hankali, gyalenta a kafaɗa. Da na hango ta sai in sa kaset ɗin waƙar Indiya in ƙara murya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. "Yaya, ina wuni," ta ce, ta wuce. Ni a raina an riga an kai babi na bakwai.

Sai ga ɗan goggona ya dawo daga Kaduna da kwamfuta. Taubashina ne, tun muna yara duk abin da ya gani a hannuna nasa ne, haka al'ada ta ba shi, wanda ya yi fushi kuma shi za a yi wa dariya. Ya kama shago a Ƙofar Kibo yana buga wa mutane takardu, yana kuma koya wa 'yan makaranta. Wata safiya ya faɗo shagona ko sallama bai ƙarasa ba.

"Bawana, na zo ɗaukar kayana."

"Wane kayanka? Kai ne bawa, kowa ya sani."

Ya dafa kan lasifika. "Waɗannan tsofaffin. Kwamfutata tana cin faifan sidi, amma 'yan lasifikokin da ta zo da su kukan sauro suke yi. Kai me kake da su, ban da damun unguwa?"

Na ce ba za su shiga ba, waɗannan na zamanin garmaho ne. Ya zaro wata waya daga aljihu, kai ɗaya siriri, ɗaya gefen ya rabu biyu, ja da fari. Ya ce a Sabon Gari aka ba shi, an ce da ita ake yi. Inna tana jinmu daga tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce, "Ba shi mana, ubangidanka ne fa." Mata suka sa dariya. Aka kira mai kura. Na bi kurar a baya ina riƙe da amfilifayar a ƙirji, don ban yarda ta sha gargadar hanya ba. Na ce aro ne, kuma ni zan haɗa da hannuna.

Muka girke lasifikokin a jikin kwamfutar, ɗaya hagu ɗaya dama. A bayan amfilifayar akwai ramuka jere. Na cusa siririn kan wayar a bayan kwamfuta, ja da farin kuma na sa su a ramin garmaho, don shi ne na farko. Da ya danna, sai wani gurnani ya tashi, waƙar ta fito a dagule kamar ana yaga buhu. Mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Wallahi daɗi na ji. Na ce, "Ka gani? Ba sa son ta."

"Gwada wancan," in ji shi.

Akwai wasu ramuka biyu a can ƙarshe da ba a taɓa sa musu komai ba, tun zamanin Baba. Har ƙura ta toshe su, sai da na hure. Na mayar da wayar can, na juya maɓalli.

Ban taɓa jin lasifikokina sun yi irin wannan murya ba. Babu shuuu ɗin nan na kaset, babu inda sauti ke lanƙwasa don zare ya miƙe. Sarewa ta fito daga hagu, tsaf, kiɗa ya amsa daga dama, har numfashin mawaƙiyar kafin ta ɗauki baiti ana ji. Shekara da shekaru ina goge su, ina ɗaure musu waya, ina lulluɓe su da zanin Inna in damina ta zo, ashe suna da wannan muryar suka ɓoye min. Ranar farko a ɗakin wani suka sake ta. Na dubi alluran nan suna rawa, ko kunya babu.

Muna cikin haka aka yi sallama. Yarinyar lungunmu ce, da ƙawarta. Ban san tana cikin masu koyon kwamfuta ba.

"Malam, ina kwana," ta ce masa. Sannan ta gan ni a tsugune a bayan tebur, hannuna duk ƙura. "A'a, Yaya, kai ma kana nan?"

Shi Malam, ni Yaya. Ta tsaya tsakiyar shagon ta saurara, ta dafa ƙirji.

"Ashe kwamfuta har waƙa take yi haka? Malam, ka iya abu!"

Bai ce nawa ne ba. Gyara wuyan riga ya yi. Na jira ta dubi yadin nan ruwan ƙasa ta gane shi, kamar yadda ake yi a littafi, amma daga taga murya kawai ke fita, ba ta taɓa ganin su ba.

Ƙawar ce ta fara lura. "Malam, me ya sami talabijin ɗin?"

Gilashin kwamfutar ya ɓaci. Gefen hagu ya koma shunayya, na dama kore-kore, kamar an zuba masa ruwan rini. Taubashina ya goge da hannun riga, bai fita ba. Ya kashe waƙar, bai fita ba. Ya rikice, don bai gama sanin na'urar ba, kuma ita ce duk abin da ya mallaka.

"Bawana, me ka yi mata?"

Ban san dalili ba, amma na ɗauka lasifikokina ne suka tuna da ni. Na miƙe na ce, "Na faɗa maka jininsu bai haɗu ba. Kira mai kura."

"Kwashe tsiyarka," ya ce. "Yanzu-yanzu."

Har na fara naɗe waya. Yarinyar lungunmu kuwa tana neman wurin zama, sai ta tura lasifikar hagu da gwiwa don ta jawo benci. Ta tsaya.

"Ku duba, launin yana bin ta."

Ta ƙara turawa, shunayyar ta ja baya. Ta ce ai mayen ƙarfe ne a cikinsu, an koya musu a makaranta, kuma haka rediyon yayanta ya taɓa yi wa talabijin ɗinsu. Muka ja su can bakin ƙofa, ɗaya nan ɗaya can. Aka kashe kwamfutar aka sake kunnawa, gilashin ya yi wani tum, ya dawo fes. Taubashina ya yi hamdala ya fi a ƙirga, amma tsoro bai sake shi ba.

"Duk da haka ya tafi da abinsa. Ban son rigima."

"Naka ne, Yaya?" ta tambaye ni. Karon farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido. Na ce nawa ne. Ta karkatar da kai ta yi murmushi, ta roƙe ni in bar su.

A littattafan da na karanta, babu saurayin da aka roƙa haka ya ce a'a. Na ajiye wayar a kan tebur.

Na kamo hanyar gida hannu biyu a aljihu, waƙar tana bina har na sha kwana. Abin da ya dame ni a hanya shi ne yadda ta jera kalmomin. In "ka bar su mana" ta ce, to lallashi ne, ni take wa shagwaɓa. In kuwa "ka bar mana su" ta ce, to akwai wasu "mu", kuma ba na cikinsu. Ko ita da ƙawarta take nufi? Na maimaita a baki, na juya shi gaba da baya, har wani dattijo a kan dakali ya tambaye ni ko da shi nake.

Da na shiga gida Inna tana tankaɗe. Ta ce, "Ina kayan?"

Na ce, "Na bar musu."