Kafin Mu Jona Faifan Inna

Tsohuwar kwamfutar gidanmu na Treichville ta mutu ne a tsakiyar damina, da rana tsaka. Ɗan ƙara ta yi, ɗaki ya cika da ƙauri, shi ke nan. Ita kanta ban ji zafinta ba, ta tsufa har ta gaji. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne faifan ajiyar da ke cikinta. Muryar Inna, mahaifiyarmu, tana ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan.

Inna ba ta yi boko ba. In tana kewar yayarta da ke Damagaram, sai ta zauna gaban rediyo ta cika kaset da hira, a ba direba a tashar Adjamé ya kai. Bayan rasuwarta yayar ta maido mana da guda huɗu, muka juye su a kwamfuta. Kaset ɗin kuwa danshin Abidjan ya cinye su. Kullum ina cewa zan kwafa a wani wuri, ban taɓa yi ba. Baba bai tsawata mini ba ko sau ɗaya. Sai dai duk Juma'a in mun dawo daga masallaci ya tambaya, "Har yanzu injin bai tashi ba?" Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwata ce mai gyaran kwamfuta, shagonta na bayan kasuwar Treichville. Ta ce akwatin da ke raba wuta ne ya ƙone, wanda suke kira alim, ya kuma tafi da babban allon da ake jona komai a kansa. Faifan da alama ya tsira, amma irin na da ne mai faffaɗar igiya, babu injin shagonta da ke karɓarsa. Ta nemo allon da ya dace. Ni aka ɗora wa sayo alim da fanka biyu.

Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adjamé, na kutsa layin masu kayan gwanjo. Wani mai tebur ya jona mini ɗaya, fankar cikinta ta juya. "Ça tourne, kôrô," in ji shi, wato ga ta tana juyawa, yaya, me kuma nake nema? Ni da ma haka nake so, a gama in wuce.

Safiyar Asabar muka shimfiɗa tabarma a baranda. Baba ya jawo kujerarsa. Na ɗauki sukurdireba zan fara ɗaure komai a cikin akwati, ƙanwata ta riƙe mini hannu.

"Yaya, ina za ka? Ba mu gwada ba."

"An gwada a gabana. Tana juyawa."

"Fankar ɗakinka ma tana juyawa. Ka jona mata faifan Inna mana."

Raina ya ɓaci. Yarinyar da na goya ce take yi mini wannan a gaban Baba. Amma na ajiye sukurdireban, don Baba ya riga ya fara murmushi.

Ta ajiye alim ɗin ita kaɗai a kan katako, nesa da faifan. Ta lanƙwasa ɗan guntun waya, ta soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya a na baƙa, sannan ta kunna soket. Fankar ta tashi. Na ce, "To, kin gani?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauko mitarta ta awon wuta, ta dinga taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Rawaya ta nuna sha biyu, daidai. Da ta zo kan ja, wadda ya kamata ta tsaya a biyar, sai lambar ta haura bakwai tana rawa.

"Wannan jar ita ce ke shiga faifan," ta ce. "Da ka jona, da yanzu muna shaƙar ƙauri."

Na kalli faifan a cikin tsumman da ta naɗe shi, na ji tsoro ya kama ni bayan abin ya riga ya wuce. Na zura takalmi na koma Adjamé da alim ɗin, mitarta a aljihuna. Mai teburin ya so ya yi musu, na ce a auna a gabansa. Sai a ta uku muka samu wadda lambobinta suka tsaya cak. Na dawo bayan azahar jiƙe da gumi, ta sake aunawa da kanta, kamar ni ban iya karanta lamba ba.

Saura fanka. Ta ce ɗaya za ta jawo iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya, amma waɗanda na sayo ba su da kibiyar da ke nuna inda suke hurawa. Muna ta kara tafin hannu muna gardama, sai Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da kaskon turaren Inna, wanda ba a taɓa ba tun tafiyarta, ya sa gawayi, ya barbaɗa turare. Ƙanwata ta jona fankar, ya matso da kaskon. Hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan. Ashe a juye na riƙe tawa. Muka gwada ta biyu, barandar duk ta ɗauki ƙamshin da na sani tun ina yaro.

Haɗawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Faifan ne aka jona a ƙarshe, ni kuma na ce ita ta jona, hannuna ba zai iya ba. Injin ya tashi. Kafin kowa ya taɓa komai ta kwafe muryoyin a wuri biyu, muna zaune muna kallon layin yana rarrafe. Wannan karon ban ce ta yi sauri ba.

Sannan Baba ya ce a sa na farko. Aka ji shuuu na tsohon kaset, sai ga Inna tana sallama, tana tambayar yayarta ya zafi, ya yara. Can sai muryarta ta ɗan yi nisa, aka ji ta ce, "Kai, sakar mini zani!" Ta dawo tana dariya. "Yaya, babban nawa ne. Wannan yaron ba ya iya jira a gama abu. Allah dai ya haɗa shi da mai taka masa birki."

Baba ya yi dariya har yana share ido da bakin rigarsa. Ƙanwata ta juyo ta kalle ni, ni kuma na ce ta maido wurin mu sake ji.