Ranar da Muka Yi wa Sanusi Tafi

Shekara uku ke nan da rasuwar Sanusi, ɗan Funtuwa, abokin zamana a Alƙahira, kuma har yau ban manta yadda ya tafi ba. Mutuwa rigar kowa ce, na sani. Amma ban taɓa jin wanda ya sa tasa ana yi masa tafi ba, sai shi.

Karatu ne ya kawo mu Masar, muka kama ɗaki a unguwar Hayyin Ashir. A samanmu akwai wasu ɗalibai 'yan Latin Amurka, daga Kolombiya da Meziko, da suka zo koyon Larabci. Babbansu Migel, wanda ya musulunta ya koma Yusuf, ya taɓa yin wasan barkwanci a ƙasarsu. A farkon 2011 da gari ya rikice da zanga-zanga kowa ya kulle kansa a gida, sai suka fara wasa a falonsu don rage fargaba. Ba rubutu, ba bita. Wani ya jefo magana, wani ya cafe. Dokarsu ɗaya ce: duk abin da abokin wasanka ya kawo, ba ka musa masa. In ya ce kai jaki ne, sai ka ce tamam, wato "haka ne" da Larabci, ka fara kuka. Shi ya sa suka sa wa ƙungiyar suna Tamam.

Dariyarsu ta hana Sanusi hadda, ya hau a fusace zai yi musu faɗa. Bai sauko ba sai da ya zama ɗan ƙungiya. Na ce masa an turo shi neman ilimi ya ɓuge da shashanci, ya ce ai ko malaminmu na Nahawu yana da haƙora.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Daga falo suka koma rufin bene, daga nan suka kama wani zaure a unguwar Arba wa Nus, duk Juma'a bayan La'asar. Sudaniyawa suka shigo, 'yan Nijar suka shigo. Sanusi kuwa ya yi suna a kan abu ɗaya: ya iya faɗuwa. Zai zube kamar buhun gero, ya yi shiru har sai dariya ta lafa, sannan ya buɗe ido ɗaya.

Ranar da abin ya faru ina layin gaba. Sanusi ya fito a baƙon ɗalibi, Yusuf a mai gidan haya, yana gaya masa ɗakinsa na can ƙololuwar bene kuma sai dai ya taka da ƙafa. Sanusi ya dafe ƙirji ya zube. Yusuf ya ce tamam, ya cire mayafin wuyansa ya lulluɓe shi, sauran suka jeru suna karɓar gaisuwa. Zaure ya kece da dariya da tafi, muna jiran idon nan ɗaya.

Sai wata Basudaniya ma'aikaciyar jinya, Sitti Amna, ta taso daga cikin 'yan kallo ta haye dandali. Yusuf ya bi doka, ya tarbe ta a matsayin matar mamaci, tafi ya ƙaru. Ta ture shi ta durƙusa.

"Ku yi shiru," in ji ta. "Wallahi ba ya numfashi."

Ko a lokacin akwai waɗanda suka yi dariya. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba wanda zai iya cewa ko da an farga da wuri zai tashi. Wannan rashin sanin ne ya fi cin mu.

Yusuf ya rufe ƙungiyar, ya ce shi da dandali har abada. Watanni suka shuɗe kafin Sitti Amna ta same shi ta ce kada su binne abin da Sanusi ya fi so tare da shi. Da suka dawo wasa, ita ta kawo musu doka ta biyu: duk wanda zai faɗi a wasa, dole ya bar ɗan yatsansa yana motsi a ƙasa. In yatsa ya tsaya, wasa ya tsaya.

Yau Tamam ta wuce inda Sanusi ya barta. Har makarantu da wuraren biki ake gayyatarsu, kuma yawancin 'yan wasan ba su taɓa ganinsa ba. Da zai dawo, na san abin da zai fara cewa shi ne babu wanda ya iya faɗuwa a cikinsu. Ni kuwa tun ranar ban sake taka zauren ba, don ina tsoron dariyata.

Sai a watan jiya Yusuf ya matsa mini na je. Ana cikin wasa wani ɗan Maraɗi ya dafe ƙirji ya zube, zaure ya ɗauki dariya. Na duba dandali, sai na ga sauran 'yan wasan, bakinsu yana wasa amma idanunsu duka suna wuri guda, a kan hannun mutumin. Abin da Sanusi ya bar musu ke nan, Allah ya jiƙansa: su duba mutum kafin su yi masa dariya.

Yatsan yana motsi. Sai da na tabbata, sannan na yi tafi.