Moctar Mai Ƙirga Gawo

A garin Tanout, in ka tambayi aikin da Moctar yake yi a Faransa, za a ce maka shi ne mai riƙe da tauraron ɗan'adam. Mahaifiyarsa ce kan gaba wajen yaɗa wannan magana. Ko akuyarta ce ta ɓata, cewa take yi bari yaron ya kira ya duba mata daga sama. Shi kuwa dariya kawai yake yi, bai taɓa gyara mata ba, don babu wanda ba ya so a ɗaga shi a garinsu.

Gaskiyar aikin ba ta kai nan ba. Ya yi karatun labarin ƙasa a Yamai, ya samu gurbin ƙaro ilimi a Paris, daga nan wata cibiyar bincike mai aiki da hukumar sararin samaniya ta ɗauke shi. Kullum sai ya fito daga ɗan ɗakinsa na Sevran, a bayan garin Paris, ya matsu cikin jirgin ƙasa na RER, ya je ya zauna gaban allo yana ƙirga itatuwan gawo na gonakin Damagaram da Maraɗi a hotunan tauraro, wai ana so a san ko ƙasar tana sake yin kore. Mutum ne mai sanyin hali, ko a layin burodi aka tsallake shi ba ya tankawa. Ɗakin da ake ba tauraron umarni kuwa, ko ƙofarsa bai taɓa gani ba.

Autansu Ilya ba haka yake ba. Direban babbar mota ne, yana kai kaya wuraren haƙar zinariya a Djado, kuma tun yana yaro ba ya iya jiran tuwo ya huce.

Wata ranar Litinin da hantsi yayarsu Sahadatou, mai sayar da atamfa da turare a Vaulx-en-Velin, kusa da birnin Lyon, ta kira shi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Moctar, Ilya ya bar Agadez tun wancan mako, bai kai ba. Waɗanda suka tashi bayansa sun kai, ba su gan shi bisa hanya ba. Inna ta ce ka duba."

"In duba mi, Yaya?"

"Ni kake tambaya? Satelit ɗin naku na mine ne, in ba na irin wannan rana ba?"

Ya buɗe hotunan da yake aiki da su, ya gangara cikin hamadar Ténéré, alhali ya san aikin banza ne. A waɗannan hotuna mota ɗaya ba ta kai girman ɗigo guda ba. Ya tashi ya shiga ofishin shugabarsa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Mutumin da bai taɓa roƙon ko ƙarin hutu ba, yau shi ne tsaye yana kuka gaban Baturiya.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce akwai tauraro mai kaifin ido da zai iya nuna mota, amma shi sai an juya shi an nuna masa wuri, kuma ɗan fili kaɗan yake ɗauka. Za ta nemi alfarmar hoto ɗaya da sunanta. Na biyu, ko an yarda, sai bayan kwanaki. Sannan ta miƙa masa taswira ta ce, "A ina?"

Da wannan tambaya ya shiga jirgin Lyon. Ya tarar da gidan Sahadatou cike da 'yan jaje, takalma har bakin matakala, kowa ya ɗaga kai yana kallon hannunsa kamar da Ilya ya shigo a jaka. Aka kawo masa Malam Rachidou, tsohon direban hamada wanda yanzu yake gadi a wani kanti. Tsohon ya daɗe yana kallon taswirar, ya aza yatsa wuri biyu masu nisa da juna.

"In tsoron 'yan fashi ya ji, ya yi kudu ya zagaya ta nan. In sauri yake, ya yanke ta arewa, inda yashi ke haɗiye mota. Ban san zuciyarsa ba, ɗana. Kai ka san ta."

"Ruwansu fa, Baba?"

"Ruwan jarka, in suna da yawa cikin motar, ya kusa ƙarewa."

Moctar ya nemi a taya shi zaɓe, babu wanda ya yarda. Sahadatou ta ce shi ya yi karatun. Ya ji haushinta, ya ji haushin kansa, ya ji haushin kowace dariya da ya taɓa yi wa Inna a waya. Ya tuna Ilya da zafin tuwo, ya ce arewa, ya aika wa shugabarsa lambobin wurin. Abinci bai shiga bakinsa ba har hoton ya iso, ranar Laraba bayan la'asar. An ɗauke shi ne tun Talata da hantsi.

Ya zauna a teburin yayarsa ya bi yashin taki-taki, yadda yake bin gonakin gawo. Kowane dutse sai ya zama mota, sai ya koma dutse. Idanunsa suka yi ja. Can gefen hoton, wurin da saura kaɗan a yanke shi, ya ga abu mai kusurwa huɗu da inuwarsa. Kewaye da shi akwai baƙaƙen tabo, daga ɗaya kuma wani siririn hayaƙi ya kwanta yamma.

"Taya suke ƙonawa don a hango su," in ji Malam Rachidou. Ya bi tabon da yatsa yana ƙirgawa a ransa, don ya san tayoyin da irin wannan mota take ɗauka. Ya janye hannunsa a hankali. "Wannan da ke ci ita ce ta ƙarshe."

Nan take aka aika lambobin wurin ga direbobin Dirkou, garin da ke can cikin hamadar. Suka ce za su nemi rakiyar soja su tashi da asuba, amma wurin da nisa. Sahadatou ta kira Tanout, ta ɗora wa Moctar wayar a kunne.

"Ka gan shi?"

"Na ga motar, Inna. Na ga hayaƙi. Akwai mai rai a wurin."

"Shi ne?"

Ya ƙara girman hoton, ya sake ƙarawa, har motar ta warwatse ta zama ɗigo-ɗigo. Mutum ba ya fitowa.

"Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "To, kada ka ɗauke idonka daga kansa har su iso. In ya motsa ka kira ni."

Ya buɗe baki zai gaya mata cewa hoton na jiya ne, ba ya motsi, sai ya fasa.

"To, Inna," ya ce. Ya gyara kujera, ya ci gaba da kallon hayaƙin.