Kwana Biyar Da Ban Ba Ƙarfen Ruwa Ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Tasawa da Mayahi suka sani da Mushe Laminu mai wayar iska, Mushe irin na Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi. Yana raye ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, yau ga shi na rubuta shi a jarida. Duk shekara 'ya'yanmu kan tara malamai a yi masa addu'a, ni kuwa sai in wuni ina kai da komo tsakanin ɗaki da tsakar gida, na rasa inda zan sa kaina. Suna tsammanin kewa ce. Akwai kewa, amma akwai wani laifi da ya bi sunansa har kabari, kuma laifin nawa ne.

Na zamani ba za su gane mene ne wayar iska a lokacinmu ba. Ana sabon samun mulkin kai, saƙo daga Mayahi zuwa ƙauyukan arewa sai a bayan raƙumi ko doki. Shi ya dawo daga karatu da akwatunan ƙarfe, ya riƙa bin garuruwa yana kafa dogayen sanduna biyu, ya ɗaura waya a tsakaninsu, sai ga magana tana tafiya ba ƙafa. A Maijirgi manoman gyaɗa sun so shi ƙwarai, don tun da ya kafa tasu suke jin ranar da za a buɗe kasuwar gyaɗa kafin 'yan baranda su iso da nasu labarin.

Isawane ce ta ba shi wuya. Ya bayyana mini cewa injin ba ya kai magana nesa sai an haɗa shi da ƙasa mai laima, ƙasar Isawane kuwa rairayi ce busasshiya. Sai ya haƙa rami a bayan ɗakin wayar, ya binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri, ya ce kullum a zuba mata tulu biyu. Da dabarar ta ci, aka kwaikwaye ta a wurare da dama. To amma a garin da ake jan guga gaba talatin, Fulani da shanunsu na jiran layi tun safe, ka ce za ka shayar da ƙarfe, ai ka ba mutane abin dariya.

Ni ce ke ɗebo ruwan, ni ce kuma ke shan dariyar. Da na iso rijiya sai wata ta ɗaga murya: “Matar Mushe, halan ƙarhen naku ya yi toho? In ya yi ɗiya a sam muna iri.” Ina da shekara ashirin da 'yan kai, 'yar Tasawa da ta yi lakwal, wato makarantar boko, ga girman kai kamar me. Ranar da ya tafi gyaran wayar Maijirgi a tsakiyar bazara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Rabi, kome ki mance, kar ki mance ruwan ga.” Na ce to.

Ranar farko ina da hujja: wata Bafillatana maƙwabciyarmu ta roƙe ni ruwa don 'yan maruƙanta, na juye mata. Sauran kwana huɗun ba ni da hujjar komai. Na dai ji daɗin wucewa ta rijiya da tulu ɗaya kamar kowace mace.

A kwana na biyar annoba ta faɗa wa shanu a rugar wani dattijo, Ardo Buba. Aka garzayo a kira masu allurar dabbobi daga Mayahi. Ma'aikacin da ke buga wayar ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, yana jin su sama-sama, su ba sa jin sa. Dole aka tashi mai raƙumi, kuma kafin masu allura su zo garken Ardo ya tafi sai kaɗan. Da na ji abin da ake ciki, na ruga na yi ta jido ruwa ina kwarara wa ramin, ba wanda ya kula. Bayan kwana biyu wayar ta dawo garau, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Da maigidana ya dawo, bai ko sha ruwa ba ya zagaya bayan ɗakin, ya durƙusa ya tusa hannu cikin ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

“Kin ba shi ruwa?”

“Na ba shi.”

“Kullum?”

“Ka taɓa ƙasar ka ji mana.”

Ya yarda. Mutum ne da bai iya zargin nasa ba. Ya kwance injin nan gunduwa-gunduwa, ya mayar, ya sake kwancewa, bai ga komai ba. Daga ƙarshe ya rubuta wa manyansa cewa kuskuren daga aikinsa yake, don kada a kori mai buga wayar. Sannan ya taka har ruga, ya tuɓe takalmi, ya ba Ardo haƙuri. Ina ji ina gani. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa na ɓoye abin da bai kamata a ɓoye ba.

Aka ɗauke mu daga Isawane. Ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa, ya kafa tashoshi, ya koyar da mutanen da daga baya suka riƙe manyan wurare. Amma abin bai bar shi ba. Ko bayan ya ajiye aiki, sai in tarar da shi yana zane a ƙasa da tsinke, ya ce, “Rabi, ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ban gani ba.” Sau nawa na buɗe baki? Farko tsoron faɗa ya hana ni, daga baya kunyar daɗewar da na yi ban faɗa ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu kowane makiyayi na da waya a aljihu, daga gindin ƙaya zai kira likitan dabbobi. Da yana nan, na san zai karɓi ta jikokinsa ya juya ta, ya tambayi ina sandarta ta ƙasa, ya yi dariyar nan tasa har da tari. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai dube ni in ya karanta wannan. Na yi ta auna fuskarsa, wani lokaci in ga fushi, wani lokaci in ga sauƙin wanda ya gano amsar da ya nema rabin rayuwarsa. Na biyun ya fi ƙona mini rai.

Watan jiya jikata da ke aikin jinya a Mayahi ta zo tana huci. Wai wani tsoho ɗan Isawane, da motar da za ta kai su asibiti ta mutu a hanya, ya ce, “Wagga ai wayar Mushe Laminu ce, sai ranar buƙata ta kan yi shiru.” Bai san jikar Mushe Laminun yake gaya wa ba. Ta ce, “Kaka, mi Kakanmu ya yi musu?” Na ce ta ba ni takarda da alƙalami.

Sandunansa sun faɗi, akwatunan sun yi tsatsa, almajiran aikinsa ma yawanci sun bi shi. Na zaci abin da zai saura shi ne alherin da ya yi, ashe a Isawane zambo ne ya saura. Shi ya sa nake roƙon mutanen can, da zuriyar Ardo Buba in akwai mai karanta musu. Aikin mutumin nan bai taɓa cin amanarku ba. Ku yafe mini in za ku iya. In kuma bakinku ya riga ya saba, to ranar da wani abu ya yi muku shiru a lokacin buƙata, ku ce tulun Rabi.