Zubin Darar Kakana

Tun kafin malamar 'yata ta aiko a kira ni nake ɗauke da wannan fargabar. 'Yata ta fari tana da nawa. In ka tambaye ta abu sai ta tsaya tana kallonka, leɓenta na motsi, har ka gaji ka wuce. Ni ma haka nake. Aji uku na yi aka ce kaina ba ya ja, aka bar ni a gida. To, ranar da malamar ta ce za a mai da ita aji ɗaya, mahaifinta kuma ya ce in haka ne gara ta zauna ta taya ni aiki, sai na ji kamar ni aka sake kora.

Da yammar nan ina karya kara zan hura wuta, sai ƙamshinsa ya bugi hancina, ɗan zaƙi-zaƙin nan na karan dawar da bai gama bushewa ba. Wallahi sai na gan ni a ƙauyenmu can bayan Bakori, an gama girbi, an ɗaura wa rumbuna sabon jinka, kurciya na kuka a kan ceɗiyar gidanmu.

Kakana, mahaifin babana, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa dandali inda tsofaffi ke dara. Sai ya haƙa gurabe talatin a gindin ceɗiyar, ya ƙwala mini kira.

"Zo nan, matata. Tunda tuwonki duk gudaji ne, ko dara kya iya."

Kakata ta leƙo daga madafi. "Malam, 'ya mace da dara? Ga surfe can yana jiran ta."

"Surfen ƙafa gare shi da zai gudu?"

Shi guntayen kara goma sha biyu, ni tsakuwa goma sha biyu. Da fari zubi ake yi, kowa ya sa ɗaya, ba a ci, ba a jera uku. Sai an gama zubi ake fara turawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Ni zubin na raina. Watsa tsakuwata nake ko'ina, ina ɗokin a zo wurin ci. Kullum sai ya share ni tas.

Bai taɓa ce mini ga inda zan sa ba. Hannunsa na koma kallo, hannun nan mai jijiyoyi kamar saiwar rogo. A hankali na gane karansa na farko tsakiya yake sauka. Sai biyu a jere, wasu biyu a layin ƙasa, ya bar gurbi a bakin kowanne, wani karan na gefe yana jira. Da an fara turawa sai ya shiga, ya riƙa hawa da sauka tsakanin guraben nan biyu, duk motsi ci. Wannan yake kira doki.

Na kwaikwayi zubin nan sak. Ya sake cinye ni.

"Kin ɗauko zubina na jiya," in ji shi, "ba ki kalli na yau ba."

Washegari na riƙe tsakuwa ɗaya har ta yi ɗumi a tafina. Inuwa ta matsa, tururuwa ta ratsa gurabe ta fita. Shi kuwa goronsa kawai yake ci. Can na ga inda dokinsa zai tsaya, na ajiye tsakuwata a ciki. Ya yi dariya har da tari.

"Masu cewa kanki ba ya ja, jira ne ba su iya ba."

Yau ceɗiyar babu, shi ma Allah ya ji ƙansa. Gidan da muke a Funtuwa siminti ne, sai na zana guraben da gawayi, ni da 'yata muka yi da murfin kwalba da tsakuwa. Ban nuna wa yarinyar komai ba. Na dai danne bakina, ni da na fi kowa ce mata yi sauri. A kwana na biyar ta daɗe riƙe da murfi, sannan ta sa shi daidai inda dokina zai tsaya, ta ɗago ta kalle ni.

Na je wurin malamar, na ba ta labari. Ta ce su ma suna da darar Turawa a makarantar, a can ma yadda ake fara wasa ake fara koya. Ta yarda a bar ta a ajinta zuwa ƙarshen zango, mahaifinta ma ya ce a gani. Har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Roƙona ɗaya ne, malamai da iyaye. In kun tambayi yaro ya yi shiru, don Allah ku ɗan jira shi kafin ku wuce kan na gaba.